MADAFIN DA BA YA TSUFA

Jawabin da magina da kafintocin unguwarmu suka gabatar a taron ƙungiya, a Sabo, Ibadan



 An nemi mu yi bayani a kan gini, mu kuma muka ga ya fi kyau mu ɗauki ɗaki ɗaya tak mu yi magana a kansa sosai. Wannan ɗaki kuwa shi ne madafi, wato kicin.

Wani zai ce duk ɗakunan da ke cikin gida a rasa na magana sai madafi? To, jama'a, ku duba da kyau. A duk gida babu inda wuta da ruwa da abinci da yara ƙanana suke haɗuwa kullum sai madafi. Nan iyayenmu mata suke wuni. Nan gobara ta fi tashi. Amma kuma nan ne maigida ya fi yi wa rowa. Sai ka ga an kashe kuɗi a falo, an zuba kujeru da labule, in an zo kan madafi sai a ce wa birkila, "Wancan lungun da ya rage, yi musu wani abu a wurin." Wasu kuma akasin haka suke yi: sun ga hoto a waya, sun ce lallai sai irinsa, a kashe dukiya, bayan damina biyu ƙofofin kabad sun kumbura sun ƙi rufuwa.

Maganarmu ta yau ɗaya ce. Madafin da zai daɗe, ya kuma ci gaba da kyan gani, shi ne wanda aka gina bisa aikin da matan gidan suke yi, da kuma yanayin ƙasar da muke zaune a cikinta. Yayi kuwa baƙo ne, yau ya sauka gobe ya yi sallama.

YAYI BA YA ZAMA

Iyayenmu mata su ne shaida a kan wannan. Kakanninmu da ƙwarya da akushi suka yi jere. Aka zo zamanin tasa, aka zo na langa da kwalla da samira, har ɗakin amarya bai cika ba sai an jera su sun kusa taɓa rufi. Daga nan tangaran ya shigo, kuloli suka biyo baya. Kowanne a lokacinsa an ɗauka babu abin da zai ture shi. Amma ku lura, duk wannan sauyi da aka yi, turmi da taɓarya da muciya da tukunya suna nan inda suke. Dalili? Su aiki ya kawo su. Abin da ado ya kawo, ado ne yake kore shi.

Haka abin yake a wajen makamashi. A zamanin mulkin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, kananzir ya yi wuya har mutane suka koma wa murhun garin katako, wanda aka laƙaba wa suna murhun Abacha. Bayan nan risho ya dawo. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, jama'a suka yi ta komawa gas. Gas ya yi tsada daga 2021, aka kuma janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kayan masarufi suka tashi, gidaje da yawa suka sake jawo kurfoti da gawayi. Kun ga a cikin shekara 30 mun yi girki da abu huɗu ko biyar. Wanda ya gina madafi don makamashi iri ɗaya kawai, ya ɗaure kansa da kansa.

A FARA DA TAMBAYAR MASU GIRKI

Kafin a sa diga a ƙasa, Alhaji, zauna da uwargida da amarya ka tambaye su. Mutum nawa ake dafa wa abinci kullum? Tukunya mai girman yaya ake ɗorawa? Ana sana'a a gidan? Mun san a nan Sabo gidaje da yawa tuwon sayarwa, ko waina, ko ƙosai, ko fura, su ne suke riƙe da kuɗin makarantar yara. Madafin mai tanda biyu da asuba ba zai zama daidai da na ma'aikaci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu ba. In kuma gidan mata biyu ne ko uku, kowacce da ranar girkinta, to a ba kowacce kabad ɗinta mai makulli tun daga farko. Rigingimu da yawa da ake kawowa gaban manya, in an bi salsala, daga gwangwanin mai ko ƙullin daddawa suka faro.

Wannan shawara ba mu muka fara ta ba. A 1926, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta zana wani ɗan ƙaramin madafi wanda faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa kuma bai kai mita 3 da rabi ba. Abin da ta yi shi ne nazarin zirga-zirgar mai girki, ta ajiye kowane abu inda hannu zai kai ba wahala. An gina irinsa kusan 10,000, kuma daga gare shi kicin na zamani mai kanta da kabad jere da bango ya samo asali. Sai dai ita don girkin Jamusawa ta zana. Ba ta san tuƙin tuwo ba, ba ta san daka ba. Saboda haka hikimarta za mu ɗauka, mu auna da namu aikin.

WURI DA TSARI

Na farko, madafi ya kasance ta cikin gida, ƙofarsa tana kallon tsakar gida, yadda mata za su yi aikinsu cikin sutura ba tare da baƙon da ke zaure ya hango su ba. A nisanta shi da masai da shadda. Kada kuma tagarsa ta buɗe cikin ɗakin kwana.

Na biyu, a ɗaga shi. Wanda ya ga ambaliyar Ogunpa ta 1980, ko ta watan Agustan 2011, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daɓen madafi ya ɗara tsakar gida tudu, ko da da taki ɗaya ne, buhunan abinci kuma kada su taɓa ƙasa.

Na uku, shawararmu ga mai hali ita ce madafi ya zama kashi biyu. Na ciki rufaffe, mai kanta da wurin wanke-wanke da gas ko risho, don girkin yau da kullum. Sai kuma rumfa a jikinsa ta waje, mai rufin kwano, gefe biyu a buɗe, don itace da gawayi da daka da babbar tukunya. Ranar suna, ko biki, ko suyar naman layya, ko kunun azumi, wannan rumfa ita za ta fitar da ku kunya. In gas ya yi tsada a koma rumfa, in ya sauko a dawo ciki, ba a rushe komai ba.

A cikin na cikin kuwa, abu uku ne mai girki take zagayawa tsakaninsu: wuta, da ruwa, da ma'ajiyar abinci, ko firiji ne ko sito. Masana a Jami'ar Illinois ta Amurka sun yi nazarin wannan a shekarun 1940, kuma ƙa'idar da magina suke bi ita ce tazarar kowane biyu kada ta gaza ƙafa 4, kada ta wuce ƙafa 9, jimlar ukun kuma kada ta haura ƙafa 26. Mu da muka tashi muka ga murhu mai duwatsu uku ba za mu sha wuyar gane wannan ba: in dutse ɗaya ya yi nisa, tukunya ba ta zama. Kada kuma hanyar wucewar yara ta ratsa tsakanin wuta da ruwa, don a nan ne ake karo da mai ɗauke da tafasasshen ruwa.

Tsayin kanta da aka saba shi ne ƙafa 3, zurfinta ƙafa 2. Wannan ya yi daidai da yanka albasa da miya a ƙaramar tukunya. Amma duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon mutum 15 ta san ba a tuƙa shi a bisa kanta mai ƙafa 3. Sai an zauna a kujera 'yar tsugunno, an danne tukunya, an sa ƙarfi. Don haka a yi wani dandamali gajere na siminti a gefe, wanda bai wuce ƙafa ɗaya ba, don babbar tukunya. Tsakanin kanta da bangon da ke fuskantarta kuma a bar kamar ƙafa 4, yadda mutum biyu za su gifta juna.

ISKA KAFIN KOMAI

Jama'a, in kun manta da duk abin da muka faɗa, kada ku manta da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, daga cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Yawancin wannan hayaƙi na girki ne da itace da gawayi da kananzir. Uwa tana girki, goyo yana bayanta, duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa. Tari da ciwon ido da ciwon ƙirji da muke cewa sanyi ne, sau da yawa kunkunniyar da kuke gani a rufin madafi, irinta ce a cikin huhu.

Maganin kuwa ba shi da tsada. Taga biyu a bango biyu daban, yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Faɗin tagogin gaba ɗaya kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Hayaƙi da zafi sama suke yi, saboda haka a jera bulo mai huda-huda a can ƙarƙashin rufi, a sa masa raga don sauro da ɓera. Fankar da ke zuƙe hayaƙi tana da amfani, amma ranar da babu wuta fa? Taga ba ta jiran lantarki.

Gawayi yana da wata illa ta ɓoye. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, irin wadda janareta yake fitarwa. Kada a shiga da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don ana ruwa, kada kuma a ajiye janareta a madafi ko a bakin tagarsa.

KAYAN GINI: NAN BA KANO BA CE

A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce, sauran shekara komai a bushe yake. A nan Ibadan ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, ga laima a iska ko da ba a ruwa. Abokan gabanmu a nan su ne danshi, da gara, da tsatsa, da fumfuna. Da su za a auna kowane kaya kafin a saya.

Kanta: a gina ƙafafunta da bulo, a zuba mata kankare da rodi a sama, sannan a shimfiɗa tarazo ko tayil ko dutsen giranit, gwargwadon aljihu. Irin wannan kanta ba ruwanta da gara, ba ruwanta da zafin tukunya. Ku shiga tsofaffin gidajen da aka yi wa tarazo tun shekarun 1970, za ku tarar yana nan, goge shi kawai ake yi ya dawo sabo.

Ƙofofin kabad: a nan ake yaudarar mutane. Akwai allon garin katako da aka matse da gam, wanda kafintoci suke kira MDF. Yana da sumul, yana da kyau ranar da aka kafa shi, amma da ruwa ya shiga bakinsa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Kada a sa shi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko kusa da ƙasa. Katakon obece, wanda Yarabawa suke kira arere, yana da araha da sauƙin aiki, amma abincin gara ne. In za ku kasuwar katako ta Bodija, ku nemi loko, wato iroko, ko maɗaci, kuma busasshe, don ɗanyen katako yana kantarewa bayan an kafa shi. Wanda bai da halin wannan, ƙofar alminiyam ta fi masa. Kabad kuma kada ya zauna a daɓe kai tsaye. A yi masa dakali na siminti kamar inci 4, ruwan wanke daɓe ya wuce ta gabansa.

Daɓe: a guji tayil mai sheƙi irin na falo. Da ɗigon mai ko ruwan kuɓewa ya zuba a kansa, ya zama tarko, ga tsohuwa ga mai juna biyu. A sa mai kaushi, ko a bar siminti. A karkata daɓen kaɗan zuwa rariya, ruwa ya fita da kansa. Wurin daka kuma a bar shi siminti zalla mai kauri, a rumfar waje, domin turmi yana fasa tayil, a bene kuwa maƙwabcin ƙasa ne zai sha wahala.

Bango: a manna tayil fari ko ruwan madara daga kanta zuwa sama kamar ƙafa 2, a bayan wuta a ƙara tsawo. Sauran bangon a yi masa fenti mai mai, wanda soso da sabulu suke wankewa. Me ya sa muka ce fari? Domin launi mai ƙarfi da zane-zanen furanni su ne suke saurin nuna shekarun ɗaki. In uwargida tana son launi, ta sa shi a labule da kwanuka da fentin ƙofa, abubuwan da za a sauya da kuɗi kaɗan. Abin da aka manna da siminti kuwa, a bar shi salin-alin. In kun sayi tayil, ku ƙara kwali ɗaya ku ajiye, don bayan shekara biyar da wuya ku sami irinsa a kasuwa.

RUWA, WUTA DA ƁERA

A sa sinki na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai zurfi, a ƙarƙashin taga. A gefe kuma, a rumfar waje, a yi wurin wanke-wanke na ƙasa mai famfo, don babbar tukunya ba ta shiga sinki. Famfo yakan ɗauke, saboda haka a ware wa randa ko duro mai murfi wurinsa. Bututun fitar ruwa ya zama mai faɗi, kada a binne shi inda sai an fasa daɓe kafin a gyara, kuma kada a riƙa tuttula manja da man suya a ciki, don daskarewa suke yi su toshe shi. Ruwan ya bi lambatu ya tafi. Mu baƙi ne masu maƙwabta, kada ruwan wanke-wankenmu ya zama sanadin faɗa da mutanen gari.

Gas ya fi iska nauyi. In ya zurara, ƙasa yake kwantawa, ya taru a lungu yana jiran ashana. Don haka tukunyar gas a waje ya kamata ta zauna, cikin keji mai shan iska, a inuwa, a tsaye, bututu ya ratso bango. A riƙa gwada mahaɗarsa da ruwan kumfa. In ya yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Robar da ta fara tsagewa a sauya ta. In kun ji warin gas, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fita. In mai ya kama wuta a kasko, kada a watsa ruwa, a kashe murhu a kife murfi a kai. Bokitin yashi ya zauna a bakin ƙofa kullum. Ƙofar madafi ta buɗe ta waje, kuma tun da tagoginmu duk da ƙarfen tsaron ɓarayi, a yi ƙofa ta biyu in da hali.

Wayar lantarki a ba wanda ya iya, a sa waya mai kauri, abin girki na lantarki da layinsa daban. Soket ya yi nisa da famfo, ya kuma fi ƙarfin hannun yaro. A sa guda huɗu ko biyar tun farko, ya fi a zo ana jona waya a kan waya.

Sai sito. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma jihohin Ondo da Edo da ke nan kusa da mu suna cikin waɗanda ya fi addaba. A toshe duk wata kafa, a sa wa ƙasan ƙofa farantin ƙarfe, gari da shinkafa da wake a zuba su a mazubi mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango.

GA MASU HAYA DA MASU ƘARAMIN ƘARFI

Mun san da yawa daga cikinmu a gidan haya suke, wasu madafi ɗaya gida biyar. Ba a bar ku a baya ba. Kada ku kashe kuɗi a abin da ba za ku iya tashi da shi ba. Tebur mai ƙarfi da aka lulluɓe samansa da farantin ƙarfe, kabad mai makulli da ƙafafu, mazubai masu murfi, da bokitin yashi, sun isa. In za a fasa taga ko a yi rumfa, a nemi yardar mai gida tukuna, a rubuta a takarda, a san wanda zai biya. Masu madafin tarayya kuma a yi jadawalin shara, a daina girki a baranda da ƙofar ɗaki.

Mai gini kuma in kuɗi bai kai ba, ga yadda za a jera: tudun daɓe da magudana, sai tagogi da rufi, sai kanta, sai waya da famfo. Ƙofofin kabad da tayil su ne na ƙarshe, za su iya jira har baɗi, labule ya tsare wurin. Abin da ke cikin bango da ƙarƙashin ƙasa shi ne ba ya gyaruwa sai da rushewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma araha ba ta ado.

Daga ƙarshe, tun 1916 aka ba Hausawa wannan wuri na Sabo. Waɗanda suka fara zuwa fatauci ya kawo su, da yawa suna ganin gobe za su koma gida. Yau ga jikoki da tattaɓa-kunne a nan aka haife su. Saboda haka mu daina gini kamar masu jiran mota. Muna roƙon ƙungiya ta sa a zagaya gida-gida kafin damina ta kankama, a duba tagogi da tukwanen gas da wayoyin madafai, mu kuma magina da kafintoci a shirye muke mu ba da shawara kyauta ga duk wanda ya neme mu kafin ya fara aiki. Iyayenmu mata, in an zo gini kada ku yi shiru, ɗakinku ne. Iyayenmu maza, ku saurare su.

 Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka a gidajenmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.